A Wace Sura, A Wace Aya?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai Kirista, musamman waɗanda muke haɗuwa da su a zumunta ran Laraba da yamma, da kuma sujadar Lahadi. Na san akwai waɗanda za su ce ai wannan maganar cikin gida ce, me ya kawo ta inda kowa zai gani? To, sau uku ina neman a ba ni minti biyar a taron zumunta, sau uku ana ce mini lokaci ya ƙure. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. 'Yan'uwanmu Musulmi da za su karanta, ina yi musu maraba, don na san ba baƙon zance ba ne a wurinsu: tun fiye da shekara 200 da suka wuce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta sukar miyagun malamai masu sayar da addini domin abin duniya.

Ga abin da ya faru. A zangon karatun da ya wuce an gayyato mana wani baƙon mai wa'azi, aka yi taron kwana uku. Mutum ne mai baki, ba na hana shi wannan. A dare na biyu ya buɗe Farawa sura 26, inda Ishaku ya yi shuka a Gerar a shekarar yunwa, ya girbe riɓi ɗari. Daga nan ya ce duk ɗalibin da ke son Allah ya buɗe masa ƙofa, to, ya fito ya shuka iri, irin kuwa shi ne kuɗi, kuma sai wanda zai yi masa ciwo in ya bayar. Ya ce kafin kwana 21 mai shuka zai ga girbi. Abokin ɗakina, wanda mahaifinsa ya sayar da buhunan masara da akuya kafin ya haɗa masa naira 70,000 na rajista, ya tashi ya kai kuɗin nan gaba ɗaya. Kwana 21 suka wuce. Aka rufe rajista. Yau yana ƙauye, shekara guda ta karatunsa ta tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai, ya daina shiga majami'a. Da na je gaishe shi ya ce mini cikin biyu dole a yi ɗaya: ko Allah ne ya saɓa alkawari, ko kuwa shi ne ba shi da bangaskiya. Ko da wasa bai kawo na uku a ransa ba, watau cewa mai wa'azin ne ya faɗi abin da Littafi bai faɗa ba.

Kafin in tuhumi kowa, bari in fara da kaina, don laifi tudu ne. Ina zaune kusa da shi a daren nan. Na ga lokacin da ya sa hannu a aljihu, na san kuɗin mene ne, domin a gabana ya ƙirga su da safe. Ban riƙe masa riga ba. Da aka ce kowa ya ce amin, har da muryata a ciki. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada a ce ni ne mai ƙaramar bangaskiya a layinmu.

A dare na uku na yi ƙarfin hali na sami baƙon bayan an tashi. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini a gida, na ce, "Baba, don Allah ina da tambaya. Irin da Ishaku ya shuka, hatsi ne ko kuɗi? Kuma a gonarsa ya zuba, ko a hannun wani?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, shekararka ta nawa a jami'a?" Na ce ta biyu. Ya ce, "To, kada boko ya kumbura maka kai." Ya shige mota. Washegari ɗaya daga cikin shugabanninmu ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi hattara da bakinka, ba a taɓa shafaffe na Allah."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce sandar da ake dukanmu da ita duk lokacin da muka ɗaga yatsa, saboda haka ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau. Daga Zabura 105 aka ɗauko ta. Duk wanda ya karanta ayoyin da ke gabanta zai ga a kan Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake magana, lokacin da suke 'yan kaɗan, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah kuwa ya tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Maganar cuta ce da kisa da ƙwace. Babu batun tambaya a ciki ko kaɗan. Abin mamaki ma, ɗaya daga cikin sarakunan nan, Abimelek, a Farawa sura 20, ya kira Ibrahim, wanda Allah da kansa ya ce annabi ne, ya titsiye shi a kan ɓoye masa da ya yi cewa Saratu matarsa ce. Ibrahim bai ce masa boko ya kumbura masa kai ba. Ya tsaya ya ba da amsa. Haka kuma Dawuda, wanda ake yawan kafa mana hujja da shi cewa ya ƙi ɗaga hannu a kan Sarki Saul a kogon En-gedi. Gaskiya ne bai kashe shi ba. Amma me ya yi da suka fito? Ya ɗaga murya daga nesa, ya nuna masa ƙyallen rigarsa da ya yanko, ya faɗa masa laifinsa a gaban sojojinsa. Rabin labarin ake ba mu, a haɗiye rabi. Shi kansa Dawudan, da ya zama sarki ya yi abin kunya da matar Uriya, ai Natan ya shiga har fada ya gaya masa. Sa'an nan wasiƙar Yahaya ta fari, sura 2, ta ce shafewar nan tana kan dukan masu bi. In haka ne, abokin ɗakina ma shafaffe ne, kuma shi aka taɓa.

Mu koma kan iri. A misalin mai shuka, Luka sura 8, Yesu da bakinsa ya fassara irin, ya ce Maganar Allah ce. Ba zan ɓoye ba, akwai wurin da aka kwatanta bayarwa da shuka, watau Korantiyawa ta biyu sura 9, kuma masu wannan koyarwa suna son wurin ƙwarai. To, amma gudummawar wa ake tarawa a can? Ta matalautan masu bi na Urushalima ce. Bulus bai sa ko anini a aljihunsa ba, har ya nemi ikilisiyoyi su zaɓi mutanensu su raka kuɗin don kada a zarge shi. A surar da ke gabanta kuma ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, ba ya son a sauƙaƙa wa waɗansu a jefa waɗansu cikin ƙunci. In da za a bi wannan sura sau da ƙafa a daren nan, da ɗalibin da ba shi da kuɗin rajista shi za a tara wa. Gwauruwar nan mai anini biyu ta Markus sura 12 ma, da ake ta karanta mana in an zo baiko, ban taɓa jin an haɗa da ayar da ke bisanta ba, inda Yesu ya la'anci malamai masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a.

Duk waɗannan ba wani zurfin ilimi ba ne. Ni ba ɗalibin tauhidi ba ne, ban taɓa zama a aji a Bukuru ko Kagoro ba. Abin da na yi kawai shi ne na karanta aya goma kafin wadda aka ambata, da aya goma bayanta. Kowane ɗayanmu yana da Littafi Mai Tsarki a aljihunsa, cikin waya, da Hausa da Turanci, fassara iri iri. Ba a taɓa yin zamanin da Littafin ya yi araha kamar namu ba, ina kuma shakka ko an taɓa yin zamanin da masu ilimi suka yi sakaci da shi haka.

Abin da ke ɗaure mini kai ke nan game da mu 'yan jami'a. A ɗakin lacca, malami ya rubuta lissafi a allo ya yi kuskuren alama ɗaya, hannu goma za su tashi. A taron ƙungiyar ɗalibai, ma'aji ya karanta rahoton kuɗi, sai mun nemi rasit na kowace kwabo, har a kai ga jifa da kujeru. Da aka ƙara kuɗin makaranta bayan cire tallafin mai a 2023, wane irin bincike ne ba mu yi ba? Amma da mun taka ƙofar majami'a sai mu tuɓe hankalinmu mu ajiye a waje kamar takalmi. Mutum ya ce mana Irmiya sura 29 ta yi alkawarin za mu sami aiki da mun gama bautar ƙasa, mu yi ta tafi, alhali wasiƙa ce zuwa ga bayin da aka kwashe zuwa Babila, ana gaya musu su gina gidaje su yi haƙuri, domin sai bayan shekara 70 za su koma. Wani ya rubuta Filibiyawa 4:13 a bangon littafinsa ya shiga jarrabawar da bai yi wa karatu ba, bai san Bulus daga kurkuku ya rubuta ta ba, yana bayanin yadda ya koyi zama da ƙoshi da kuma zama da yunwa. Umarnin da aka ba mu na ƙaunar Allah ya haɗa da hankali. Ban ga inda aka cire shi ranar Lahadi ba.

Iyayenmu ba haka suka karɓi bangaskiyar nan ba. Kakana ya sha ba ni labari cewa a zamaninsu mutum kan yi shekara biyu ko uku a ajin baftisma, kuma sai ya iya karatu ake kai shi rafi. Manomi ne, da dare yake koyon baƙi a gindin fitilar aci-bal-bal. Me ya sa aka wahalar da su haka? Domin kada su dogara ga bakin Bature ko na malamin bishara. Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa Hausawa da Turawa sun kwashe shekaru suna gardama a kan kalma ɗaya ɗaya kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Wanda ya ba ka littafi da harshenka, ai ya ba ka ikon bincikensa ne shi kansa. Har yau in ka je ƙauyenmu za ka ga tsohuwa 'yar zumuntar mata, wadda ba ta yi ko aji ɗaya na boko ba, ta tare fasto a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ayar nan da ka karanta, ba haka take a nawa ba." Fasto ya yi dariya su buɗe tare. Jikanta mai digiri shi ne ke rawar jiki.

Ƙungiyar FCS da yawancinmu muka taso a cikinta tun sakandare, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da nazarin Littafi a ƙananan ƙungiyoyi aka san ta, inda ɗan aji ɗaya ke da bakin magana. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe sakatarcin ECWA, ya rubuta littafi sukutum yana ja da manyan masanan tauhidi na Afirka, irin su John Mbiti da Bolaji Idowu, da sunayensu, kafin ruwa ya ci shi a Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Akwai masu ganin ya yi tsanani, suka kuma mayar masa da martani a rubuce. Haka ake yi. Mu da muke Furotesta ma, in muka hana tambaya mun tsine wa asalinmu, domin Martin Luther malamin jami'a ne a Wittenberg, kuma batutuwa 95 da ya fitar a 1517 gayyatar muhawara ce a kan masu wa'azin da ke karɓar kuɗi da sunan gafara. 'Yan'uwanmu Katolika su ma sun soke wannan ciniki a 1567, kuma babban taronsu na Vatican na biyu ya ƙarfafa wa kowane mai bi karatun Littafi a 1965.

Littafin kansa fa? Ayyukan Manzanni sura 17 ta yabi mutanen Biriya, ta fifita su a kan na Tasalonika, saboda kullum suna komawa ga Littattafai su duba ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa! Mutumin da wasiƙunsa suka cika Sabon Alkawari, shi ake bi da bincike, kuma aka kira abin halin kirki. A sura ta 18, Afolos, gwanin magana daga Iskandariya, ya yi wa'azi da gibi a cikinsa, sai Bilkisu da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka cike masa. A Antakiya Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a gaban jama'a saboda ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. A Koranti kuma ƙa'idar sujada ita ce mutum biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. Wane ne a cikin baƙin da muke gayyata ya fi Bulus, har da zai fi ƙarfin awo?

Za a ce ina zuzuta abu, kuɗin rajista ne kawai. To, hanyar da ta fara daga "kada ka tambaya" mun ga inda take kaiwa. A Kanungu ta Uganda, a shekarar 2000, mutum fiye da 700 suka hallaka a hannun shugabannin wata ƙungiya da suka yi musu alkawarin ƙarshen duniya. A 2016 wani mai kiran kansa annabi a Afirka ta Kudu ya riƙa fesa wa mabiyansa maganin ƙwari a fuska da sunan warkarwa, suna layi, har kotu ta same shi da laifi a 2018. A 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola na Kenya, suka haura 400, da yawansu yara, mabiyan Paul Mackenzie da aka ce su ƙaurace wa abinci domin su sadu da Yesu. Cikin waɗanda suka mutu akwai masu ilimi da masu aikin albashi. Ba na cewa baƙonmu irin waɗannan ne, Allah ya sawwaƙe. Ina cewa ƙofar da ya shigo ta ita ce dai wadda suka shigo, kuma mu ne muka bar ta a buɗe.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wani irin mai tambaya a cikinmu da ni ma ba na goyon bayansa: wanda ke zuwa sujada da alƙalami kamar mai gyaran takardar jarrabawa, yana jiran fasto ya yi tuntuɓen Turanci ya sami abin dariya a ɗakin cin abinci, ko ya yanko minti ɗaya na wa'azi ya watsa a WhatsApp. Wannan ba ɗan Biriya ba ne, ɗan tsegumi ne. Yawancin fastocinmu, musamman na karkara, mutane ne masu gaskiya da ke aiki a kan albashin da bai kai kuɗin abincin ɗalibi ba, waɗansunsu a garuruwan da aka ƙone musu majami'a suka sake ginawa. Su ne ma suka fi murna in an zo musu da tambaya, don alama ce an saurara. Matiyu sura 18 ta ba da tsari: ka fara samun mutum shi kaɗai, sa'an nan da shaidu, sa'an nan ikilisiya. Na bi wannan tsari kafin in ɗauki alƙalami, shi ya sa ban ambaci sunan kowa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma mumbari ba shi kaɗai ke bukatar tambaya ba. Ya fi sauƙi in tuhumi baƙon da ya shiga mota ya tafi, a kan in tuhumi wanda muke cin tuwo kwano ɗaya. A cikinmu akwai mai jagorar waƙa ran Lahadi, ran Litinin ya shiga jarrabawa da 'yar takarda a safa, mun sani, mun yi shiru. Akwai mai cin bashin 'yan'uwa ba ya biya. Akwai wanda ya yi wa 'yan mata biyu na zumunta ɗaya alkawarin aure, kowacce ya ce mata Ubangiji ne ya nuna masa ita a mafarki. In an zo zaɓen shugabannin zumunta, kowa ya san yadda ake raba ƙuri'a: 'yan wannan ƙabila nan, 'yan waccan jiha can, daidai abin da Bulus ya tsawata wa Bitrus a kai. Akwai kuma waɗanda rikicin garinsu ya bar musu ƙiyayyar da suke ɗauke da ita har teburin Jibin Ubangiji, ba wanda ya taɓa zama da su ya tambaye su yaya suke da umarnin ƙaunar maƙiyi, wanda shi ne mafi wuya a cikin dukan abin da aka umarce mu. Muna gaisawa da "ɗan'uwa" da "'yar'uwa", amma ɗan'uwan da ba zai iya ce maka ka yi kuskure ba, ai maƙwabcin kujera ne kurum. Marubucin Ibraniyawa ya yi kuka da mutanen da ya kamata a ce sun zama malamai amma har yanzu nono suke sha. Wasunmu shekaru za su yi a nan, su fita da digiri a fannin magunguna ko shari'a, bangaskiyarsu kuwa tana nan inda malamar makarantar Lahadi ta bar ta.

Ga abin da nake nema daga shugabanninmu, kuma ba shi da tsada. Duk wanda za a gayyata ya yi mana wa'azi, a gaya masa tun a takardar gayyata cewa bayan wa'azi akwai rabin sa'a na tambayoyi, wanda bai yarda ba ya zauna a gidansa. Kada a ƙara karɓar wani baiko na musamman a taronmu sai an faɗi inda kuɗin za su, ma'aji kuma ya karanta lissafi a ƙarshen zango kamar yadda ake yi a kowace ƙungiya. A mayar da nazarin Littafi na ƙananan ƙungiyoyi da aka rage wa lokaci saboda kiɗa, a riƙa bin littafi guda daga farko har ƙarshe maimakon tsince-tsincen ayoyi. Sa'an nan zumuntar da ta gayyato baƙon nan, ta ba shi makirufo, ta ce mu ce amin, ita ke da alhakin naira 70,000 na abokin ɗakina. Mun fi mutum 300 a ranar Lahadi.

Ni dai na sa naira 2,000 a ambulan na rubuta sunansa, yana hannun ma'aji tun makon jiya, ko da yake ya ce mini bai san a wane shafi zai shigar da shi ba. Ran Asabar zan koma ƙauyen da Littafina, mu zauna mu karanta Farawa sura 26 daga aya ta 1, ni da shi, in ya yarda ya fito.